Taga a Bayan Salansa

Duk motar da ta shigo garejin Auta, da baya take shiga. Na'urar gwajin hayaƙi tana jingine da bangon gida, inda soket yake, tiyonta kuma gajere ne, don haka sai direba ya yi ta ja da baya har bakin salansa ya kusa taɓa bango. A saman wurin akwai wata 'yar taga mai gilasai jere-jere, wasu sun fashe tun ba yau ba. Bayan tagar nan ɗakin Yaya yake.

Gemun Auta ya soma furfura, amma yayarsa da ta goye shi ba ta san shi da wani suna ba, unguwa kuma ta ɗauka daga bakinta. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansa da keken ɗinkinta da ciwon gwiwa, aka ce ta ɗan zauna a ɗakin baya kafin a gyara na gaba. Na gaban yana da manyan tagogi da ke kallon tsakar gida, sai dai cike yake da tsofaffin tukwanen tace hayaƙi da Auta ke cirewa a motoci yana tarawa. Ɓarayi na son su saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsu, masu saye kuma kullum cewa suke farashi zai tashi. Shi ya sa ƙarfe ya samu ɗaki mai iska da kwaɗo, mutum kuma ta samu na baya.

Kada a zalunce shi, Auta ya iya aikinsa. Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, wasu makanikai goge ta kawai suke yi da kwamfuta su karɓi kuɗi. Shi sai ya bi sawu. Zai bar injin ya yi zafi sosai, ya taka totur ya riƙe, yana kallon layuka biyu a fuskar kwamfuta, kowanne na sensa guda, wato 'yar na'urar da ke auna hayaƙi. Sensar da ke gaban tukunya dole ta riƙa hawa da sauka, ta bayan kuma ta kwanta shiru. Idan ta bayan ta soma rawa irin ta gaban, to tukunya ta mutu, hayaƙi na wucewa yadda ya fito daga injin. Daga nan sai ya zura bakin tiyo a salansa, ya kira mai motar ya nuna masa.

“Ka ga wannan lambar?” ya ce da wani direban tasi rannan. “Ba baƙin hayaƙin nan ne abin tsoro ba. Akwai wanda ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ke sa ka ciwon kai kana tuƙi, ka ɗauka yunwa ce.”

“Kai Oga, ni na ɗauka matata ce ke sa ni ciwon kai.”

“Ita ma da nata kason, amma wannan ya fi ta iya kisa.”

Suka yi dariya. Injin na ta ruri, salansa na hura bango, kuma ta cikin tagar ana jin keken ɗinki yana tafiya yana tsayawa. Auta ya ɗaga kai ya dubi tagar, ya mayar da idonsa kan kwamfuta da sauri.

A lokacin ne hukuma ta ce duk motar haya sai ta ci gwajin hayaƙi kafin a sabunta mata takarda. Ciniki ya buɗe wa Auta irin wanda bai taɓa gani ba. Tun da safe layi ke kamawa har bakin titi, wata na fita wata na shiga da baya. Kuma ba lafiyayyu ke zuwa ba, sai waɗanda suka faɗi gwaji: masu matacciyar sensa, masu toshewar bawul, da waɗanda aka huda tukunyarsu aka zazzage cikinta. Kowacce sai ta tsaya a ƙarƙashin tagar tana aiki har ya gano ciwonta, bayan gyara kuma ta sake tsayawa ya tabbatar.

Da ciwon kai abin ya fara. Wata rana ya shiga gida cin abincin rana ya tarar da Yaya a bakin ƙofarta, ta ɗaure goshi da ɗankwali tamau.

“Yaya, lafiya?”

“Kaina ne, Auta. Kamar ana daka a ciki. Ka ci abincinka, zai wuce.”

“Ɗinkin nan ne. Kin ƙi sa tabarau.”

“Ƙila shi ne,” ta ce.

Ya aika aka sayo mata ƙwayar ciwon kai. Yana miƙa mata ya ji kunyar kansa, domin ya san abin da ya yi daidai yake da goge fitila a bar ciwo. Amma ana ta yi masa hon a waje, sai ya wanke hannu ya fita.

Bayan ciwon kai sai jiri, sai tashin zuciya, sai barcin rana mai nauyi. Matar da a da take zare allura ba ta duba ba, yanzu sai ta ɗinka hannun riga a baibai. Wata maƙwabciya ta dawo da kayan 'yarta tana ƙorafi a tsakar gida, Yaya ta yi ta ba ta haƙuri, ta ce ba ta san abin da ke damunta ba kwanan nan. Auta yana daga zaure yana ji, kuma ya san abin da ke damunta.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ranar hutu. Duk ranar da gareji ke rufe, kafin la'asar Yaya ta warware. Ta fito tsakar gida, ta yi wa yara kitso, ta tsokane shi a kan tumbinsa. Da a mota ya ga haka, ciwo na zuwa idan abu kaza na aiki, yana tafiya idan an kashe shi, da bai ƙara minti ɗaya yana neman dalili ba.

Matarsa ma ta lura, sai dai ita nata lissafin daban ne.

“Ka gani ko? Ranar da ba aikin gida da yawa, ga baƙi ga hira, garau take. Ranar wanki kuwa sai kai ya tashi.”

“Ke, ki ji tsoron Allah. Yayata ce.”

“Ni na ce ba yayarka ba ce? Abin da ido ya gani na faɗa.”

“Ɗakin ne bai dace da ita ba. Ina ganin a kwashe tukwanen nan a mayar da ita gaba.”

“A kai su ina? Ka bar su a waje a yashe ka? Ai kai ka ce mai saye zai zo ƙarshen wata. Ta yi haƙuri mana, ba a kan titi take kwana ba.”

Gaskiyar magana, daɗin amsar ya ji, domin ta ɗauke masa nauyin yanke hukunci. Ƙarshen wata ya zo, mai saye ya taya, Auta ya ce albarka, zai jira farashi ya ƙara sama.

Uzuri kuwa bai taɓa yanke masa ba. Dogon tiyo sai an yi oda. Jawo wuta zuwa ɗaya bangon sai an kira mai gyaran lantarki, kuma rana guda za a rasa ana aiki. Gilashin taga, ai ko an sa sabo zafi zai sa ta buɗe. Cunkoson nan ma na ɗan lokaci ne, da wa'adin hukuma ya wuce ƙafa za ta ɗauke. Ya taɓa samun kwali ya toshe inda gilasan suka fashe, ya ji kamar ya yi wani abin kirki. Kwana kaɗan kwalin ya yi baƙi ya faɗo, ya bar shi a nan ƙasa.

Sau ɗaya tak Yaya ta yi maganar da bakinta. Ya shiga ɗakinta neman almakashi, ya tarar da ita zaune a gefen gado tana numfashi da baki. Labulenta fari ne a da, yanzu gefen da ke jikin taga ya koma ruwan toka. Shi kansa da ya ɗan tsaya sai ya ji goshinsa ya yi nauyi.

“Auta, in tambaye ka mana. Hayaƙin motocin nan, ba ya yi wa mutum illa?”

Ya buɗe baki. Bayanin da yake yi wa direbobi kullum yana nan a kan harshensa, ba abin da ya manta.

“A fili ake yi ai, Yaya. Iska na kwashewa.”

“To, alhamdu lillahi. Kai ka san aikinka. Dama kada in zama ina hana ka neman abincin yara.”

“Haba Yaya, wane irin hanawa? Da an sayar da kayan can za ki koma gaba.”

“Ba gaggawa, ɗan ƙanena.”

Ya fita bai ɗauki almakashin ba. Ranar ya yi wa direbobi faɗa ba dalili, da yamma kuma ya sayo mata lemo da madara. Ta yi ta sa masa albarka, shi kuwa kowace albarka sai ya ji ta kamar mari.

Ƙofar ɗakin Yaya a wani siririn lungu take, lungun kuma yana buɗewa zuwa falo. Nan ne kawai iska ke samun hanyar fita. Da cunkoso ya yi yawa, wari ya soma kaiwa falo, matar Auta ta ce labulenta da kujerunta sun fara ɗauka, ƙaramin yaronta kuma yana tari. Sai ta riƙa rufe ƙofar lungun da safe, har tana tura tsumma a ƙarƙashi. Auta ya ga tsumman. Ya tsallake shi ya fi a ƙirga.

Ranar da abin ya faru, wata tsohuwar bas ce aka kawo. An zazzage tukunyarta, sensar gaba ta mutu, injin na shan mai kamar rami. Ya cire wayar sensar don ya ga yadda injin zai yi ba ita, lambar na'ura ta haura inda bai saba gani ba, har ya yi fito. Ba shi da irin sensar a shago. Kashe injin kuma yana nufin ya huce, a sake jiran ya yi zafi, ga layi a waje. Ya ce da direban ya bar injin yana aiki a silo, yanzu zai je kasuwar kayan gyara ya dawo. Direban ya ga inuwa a bakin titi ya tafi shan shayi.

A kasuwa shagon farko babu, na biyu na jabu ne, a na uku aka tsaya ciniki da hira. Da ya dawo, tun daga nesa ya ga mata a ƙofar gidansa, bas kuma tana nan tana aiki. Bai buƙaci kowa ya gaya masa ba.

Maƙwabciyar nan ce ta zo karɓar ɗinki, ta yi sallama shiru, ta ture ƙofar lungu ta shiga. Ta tarar da Yaya kife a kan keken ɗinki, ta yi amai, ba ta motsi. Auta ya kashe bas ɗin da hannunsa, ya shiga ya ciccibo yayarsa. Bai san ta rame haka ba sai da ya ɗaga ta.

A asibiti aka sa mata abin numfashi a fuska, aka ɗebi jini. Can likitar ta fito, wata matashiya mai magana a tsaye, ta tambayi su waye 'yan uwanta.

“Ni ne ƙanenta. Wannan matata ce.”

“Gubar hayaƙi ce a jininta, kuma da alama ba yau ta fara shaƙa ba. Kuna kunna janareto kusa da ɗakinta?”

“A'a,” in ji Auta. Wannan kam gaskiya ne.

“Gawayi fa? Tana kunna gawayi a ɗaki a rufe?”

Ya ji matarsa ta matso kusa da shi.

“Likita, mai ɗinki ce,” ta ce. “Tana da dutsen guga na gawayi a ɗakin.”

Wannan ma gaskiya ne. Dutsen gugar yana nan, sai dai ya yi shekaru bai ga wuta ba, da shi Yaya take tokare ƙofa. Likitar ta girgiza kai ta dubi Auta.

“Malam, kai ba ka san haɗarin abin nan ba? Ba ka taɓa hana ta ba?”

Rigar aikinsa na jikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Kalmomi kaɗan ne za su wadatar, kuma ya san su. Ya tuna maƙwabta, ya tuna dangi, ya tuna direbobin da yake yi wa wa'azin hayaƙi. Ya sunkuyar da kai.

“Tsofaffi ba sa jin magana,” in ji matarsa.

Likitar ta rubuta abin da aka gaya mata ta wuce.

A hanyar gida ya tsayar da mota a gefen titi ya juyo.

“Me ya sa kika faɗi haka?”

“Me ya sa kai ba ka ƙaryata ni ba? Bakinka a ɗinke yake?” Idonta ya kawo ruwa. “So kake a rufe garejin? A ce mun kashe ta? Ni na rufe ƙofar lungu, na sani, ba sai ka gaya mini ba. Amma ba ni na jera motoci a tagarta ba.”

Ya tayar da mota suka wuce, domin a wannan kam ba ƙarya ta yi ba.

Kwashe tukwanen daga ɗakin gaba bai ci masa rabin safiya ba. Mai lantarki ya zo ya jawo wuta zuwa ɗaya bangon kafin azahar. Dogon tiyo kuwa ashe akwai shi a shagon da yake wucewa kullum. Sauƙin abin shi ya fi komai ƙona masa rai. Ya zauna a ɗakin da ya share, iska na shigowa ta tagogi, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro.

Yaya ta rayu, aka sallamo ta, ta shiga ɗaki mai iska. Da farko kamar ta warke. Bayan 'yan makonni sai aka ga tana tambayar abu ɗaya sau da yawa, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta zauna a gaban keke ta rasa ta inda zare ke bi. Likitar ta ce haka gubar take yi wani lokaci, tana komowa ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Yaya ta san Auta, ta san sunayen matattu da na rayayyu, amma abin da aka yi da safe ba ya kai mata la'asar. Ranar da ta faɗi kuwa babu ita a kanta sam.

Abu guda ne ya zauna, saboda kowa ya zo dubiya sai ya maimaita shi. “Ke kuwa Yaya, gawayi a ɗaki a rufe?” “Da wuta ta kama fa, ga yara ga motocin mutane?” “Kin ga wahalar da kika ba bawan Allahn nan, ga asibiti ga zirga-zirga?” Tun tana kallonsu da mamaki har ta karɓa. Mace ce da ba ta saba jayayya ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa mutane da yawa haka su yi mata ƙarya ba.

Wata safiya ya kai mata shayi, ya rufe ƙofa, ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai: tagar, bas ɗin, tsumman, da ranar da ta tambaye shi ya ce iska na kwashewa. Ta saurara tana kallonsa, ta shafa kansa ta ce ya tashi, ƙasa da sanyi. Ya fita yana jin kamar an sauke masa dutse. Da la'asar ya leƙo, ta ce, “Auta, an ce gawayi na kunna ko?”

Ya sake faɗa mata washegari, ya kuma faɗa bayan nan. Kuma a ransa ya san abin da yake yi. Duk faɗin dangi da unguwa, ya zaɓi ya yi ikirari ga mutum ɗaya da ba za ta iya riƙewa ba.

Ranar hutu dangi suka taru dubiya, har da Kawu, ƙanen mahaifinsu, wanda tsufa ya sa ba ya fita sai da dalili. Aka cika ɗakin gaba, ana yaba iskarsa, ana yaba Auta da ya ba yayarsa ɗaki mafi kyau a gidan. Matarsa na raba ruwa, ba ta ɗaga ido ba. Yana tsaye a bakin ƙofa Yaya ta hango shi ta miƙo hannu.

“Zo nan, Auta. Gara in faɗa a gaban Kawu.”

Ya matso. Ta kama hannunsa da hannayenta biyu, masu sanyi, marasa nauyi.

“Ka riƙe ni, ka ciyar da ni, ni kuma na saka maka da ganganci. Na kusa ƙona maka gida da 'ya'ya. Wallahi ban tuna na yi ba, amma na yi. Ka yafe mini don Allah, kada in mutu da hakkinka.”

Wata gwaggo ta soma share hawaye. Auta ya dubi matarsa, ta juya fuska ga bango. Ya dubi Kawu. Gaskiyar maganar tana nan a kan harshensa.

“Kai muke jira,” in ji Kawu. “Babba ta ƙasƙantar da kai ta roƙe ka. Ka ce wani abu mana.”

Yaya na kallonsa, tana tsoron kada ya ƙi.

“Na yafe miki, Yaya,” ya ce.

Fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannunsa ta ɗora a goshinta.

“Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini.”

Duk ɗakin aka ce amin. Kawu ya juyo ya dube shi, yana jiran shi ma ya ce amin.